Zubin kayan bodin tsofaffin motoci da faiba: ta ina ake farawa, kuma akwai ci?

Tambaya: "Ni mai gyaran bodin mota ne a Kaduna, shekarata tara ina bugu da feshi. Ina ganin bidiyon Turawa suna zuba bonet da fenda na tsofaffin motoci da faiba suna sayarwa. Mu ma ga tsofaffin Fijo da Marsandi nan, ana neman kayansu ba a samu. Yaya ake aikin, kuma akwai ci a cikinsa?"

Akwai ci, ɗan'uwa, sai dai ba a inda bidiyon yake nuna maka ba. Shafa rezin, wato ruwan roba mai daskarewa, a kan tabarmar faiba ta zaren gilashi abu ne da yaron shagonka zai koya cikin mako biyu. Mai saye kuwa ba faiba yake biya ba. Abin da yake ba da kuɗinsa a kai shi ne ya ɗora kayan a jikin motarsa su zauna daram, ramukan noti su faɗa inda suke, tazarar da ke tsakanin bonet da fenda ta tafi ɗaya daga sama har ƙasa. Wannan kuma tun kafin ka buɗe galan ɗin rezin ake samunsa ko a rasa shi, domin yana cikin asalin ƙarfen da ka kwafa da mazubin da ka ɗauka a jikinsa. A nan zan fi daɗewa.

Bari in fara da dalilin da ya sa sana'ar ta wanzu, don shi zai nuna maka abin da za ka zuba da wanda za ka bari. Kamfanin mota yana fitar da fenda ne ta hanyar danna farantin ƙarfe tsakanin wasu manyan mazubai na ƙarfe masu nauyin tan-tan, waɗanda kuɗinsu ba ya fita sai an buga dubban kaya. Mazubin faiba kuwa mutum biyu za su yi shi a ƙarƙashin rumfa. Shi ya sa bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu ƙera ƙananan jiragen ruwa a Amurka suka juyo kan mota. Bill Tritt, wanda asalinsa maƙerin kwale-kwale ne a Kalifoniya, ya fitar da bodin Glasspar G2 a farkon shekarun 1950. A 1953 Chevrolet ta ƙera Corvette na farko guda 300 a garin Flint na jihar Michigan, duka da bodin faiba. A Ingila Lotus da Reliant da TVR sun bi wannan hanya, a Faransa ga Alpine A110, a Brazil ga Puma da aka ɗora a kan ƙashin Volkswagen. Lissafin bai canza ba har yau: inda ake bukatar kaya hamsin ko ɗari biyu, faiba ce, inda ake bukatar dubu goma, ƙarfe zai kore ka daga kasuwa.

Don haka kafin ka zaɓi abin da za ka zuba, ka bincika ko wani yana buga shi da ƙarfe. British Motor Heritage a garin Witney na Ingila har yanzu tana buga bodin MGB da Mini da ainihin mazuban da aka ƙera su da su tun farko. Mustang da Camaro na shekarun 1960 ana sayar da sabon bodinsu sukutum na ƙarfe. Volkswagen Beetle an ci gaba da ƙera ta a Puebla ta ƙasar Meziko har 2003, sama da miliyan 21 aka yi, fendarta ta ƙarfe tana ko'ina. Duk wanda ya zuba fendar Beetle irin ta kamfani ya yi aikin baban giwa. Masu faiba a can faffaɗar fenda suke sayarwa, wadda kamfani bai taɓa yi ba, ga masu sa manyan tayoyi. Su kansu Peugeot da Mercedes da Volkswagen kowannensu yana da sashen da ke sayar da kayan tsofaffin motocinsa. Gurbinka shi ne abin da suka manta ko suka raina: siket ɗin da ke ƙarƙashin bamba, gefen fitila, murfin dashbod da rana ta farfasa, gidan fanka, akwatin da ke tsakanin kujeru, bakin fenda, rumfar bayan a-kori-kura.

Ka kuma san wa kake sayar wa. Baturen da ke ajiye tsohuwar mota don darajarta, maganaɗisu yake zuwa da shi yana manna wa jikin mota, inda bai kama ba sai ya rage kuɗi. Irin wannan ba zai taɓa kallon fendarka ba. Masu sayen faiba su ne masu tsere da ke neman rage nauyi, masu sauya wa mota kama, masu hawan motarsu kullum da suka gaji da tsatsa, da waɗanda motarsu dama da faiba aka haife ta. Maganar rage nauyin ma kada ka cika baki. Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 0.9 nauyinsa kusan kilo 7 ne a kowace murabba'in mita. Faiba mai shimfiɗa uku, wadda ita ce ta yau da kullum, ta haura kilo 5. Ragin yana nan, amma ba rabi ba ne. Bonet ɗin tsere da ake ɗagawa da yatsa biyu, siriri ne da aka cire masa ƙashin ciki, kuma ba zai jure titin Birnin Gwari ba.

Akwai wuraren da ba na so ka kusanta ko da an roƙe ka. Fijo 504 da Marsandin shekarun 1970 da 1980 ba su da shasi daban; bodin ne ke ɗauke da motar. Ƙasan ƙofa, daɓen mota, ginshiƙan da ke riƙe rufi, inda shokoba ke zama, duk waɗannan ƙarfe ne kuma walda suke so. Ƙarfe idan an buge shi lanƙwasa yake yi yana shanye bugun, faiba kuwa tsagewa take yi. Bamban faiba ado ne, kuma haƙƙi ne a kanka ka faɗa wa mai saye haka. Haka nan lika faiba a jikin ƙarfe a shafe da fila a yi feshi: zafi ba ya buɗa su daidai da juna, bazara ɗaya zuwa biyu za ka ga layin tsaga ya fito a mahaɗar. Kayan da ake ɗaurewa da noti su ne naka.

Yanzu ga uwa, wato asalin kayan da za ka kwafa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma a wannan sana'a abin ya fi haka tsanani: duk lotsawar da ke jikin uwa, duk kartar samfefa, har zanen yatsan da ka bari a kan kaki, mazubi zai ɗauka ya raba wa kowane kaya da za ka fitar har ranar da za ka jefar da shi. Wahalar awa ɗaya da ka ƙi sha a kan uwa, za ka sha ta sau hamsin a kan 'ya'ya. Nemi ainihin na kamfani wanda bai taɓa haɗari ba. A nan kana da abin da Baturen bidiyon ba shi da shi. PAN, kamfanin Fijo na Najeriya, ta fara haɗa Fijo a Kakuri tun 1975, kuma ta ci gaba da fitar da 504 har bayan shekarar 2000, alhali a Faransa an daina ƙera ta ta zaman mutane tun 1983. Ga kuma busasshiyar iskar Arewa da ba ta cin ƙarfe kamar gishirin da Turawa ke watsa wa tituna lokacin ƙanƙara. Tsakanin Panteka da Ƙofar Ruwa ta Kano, mai haƙuri zai samu uwa mai kyau.

Idan ka same ta, kada ka fara komai sai ka ɗaura ta a jikin mota mai lafiya, in da hali motoci biyu. Ka gyara tazara a can, a jikin motar. Sannan, tun tana ɗaure, ka kafa mata katako ta baya don kada ta murɗe idan an kwance ta. Fenda da aka ajiye a ƙasa ba tare da tallafi ba tana iya buɗewa da 'yan milimitoci, idonka ba zai gani ba, sai ranar da mai saye ya kira ka yana cewa ƙofarsa tana gogar kayanka. Daga nan sai aikin da ka fi ni sani: fila, firama, fenti mai haɗi biyu, goge da samfefar ruwa har lamba 1500 ko 2000, sannan folish har ka ga fuskarka. Fentin gwangwani da na selulos ba sa jure sinadarin da ke cikin rezin, yamutsewa suke yi. Ramukan noti ka cike su da yumɓun wasan yara, amma ka bar ɗan lotso, don alamar ta fito a kowane kaya ka san inda za ka huda.

Sai ka tsaya ka dubi siffar da kyau ka tambayi kanka: idan na rufe wannan da abu mai tauri, ta ina zai fita? Je ka kalli masu zubin tukwanen alminiyam. Akwatin yashinsu biyu ne, sama da ƙasa, saboda cikin tukunya ya fi bakinta faɗi. Fenda ma haka take, tana da leɓen da ya naɗe ciki. Duk inda siffa ta juya baya, sai an raba mazubin gida biyu ko uku, a yi wa kowane gida leɓe mai faɗin santimita 6 zuwa 8, a sa 'yan ƙulle-ƙullen da za su sa gidajen su koma mazauninsu daidai, a huda ramukan noti tun kafin a raba su da uwa.

Kakin rabuwa na musamman ne, wanda babu silikon a ciki, ba folish ɗin mota ba. Shafa shida zuwa takwas a kan sabuwar uwa, kana bari kowace ta sha iska kafin ka goge ka ƙara. A kansa ka fesa PVA, wani ruwa mai launin shuɗi ko kore da ke bushewa ya zama siririyar fata, ruwa kuma yana wanke shi. Ni na taɓa raina wannan mataki. Farkon shigata, na ari bonet a hannun wani dattijo da ya yarda da ni, na shafa kaki sau biyu saboda ina sauri, na rufe shi da faiba. Bayan kwana uku bonet da mazubi suka zama abu guda. Da kurfi da guduma na raba su, na yi asarar mazubin, na kuma biya bonet ɗin da ba a samun irinsa. Tun daga ranar nake manna salatif a kan uwa in ɓare. In ya ɓaru ba tare da ya riƙe ba, kakin ya isa.

Mazubin kansa yana farawa da jelkot, wato rezin mai launi da ke zama fatar waje, irin na mazubi, wanda ya fi na kaya tauri, kauri kamar milimita 0.6 zuwa 0.8. Zaɓi launin da ya saɓa da na kayan da za ka riƙa zubawa, baƙi ko ruwan lemo, don ka riƙa ganin inda shafarka ta yi siriri. Ka jira har ya kai inda yatsa zai ɗan manne amma launi ba zai biyo shi ba. Lungunan da suka yi kaifi ka cike su da kwaɓin rezin da garin faiba, saboda tabarma ba ta son lanƙwasa a kusurwa, ɗagowa take yi ta bar iska a ƙasa. Shimfiɗar farko ta zama mara nauyi, a bi ta da rola mai tsaga-tsaga har babu ƙwayar iska ko ɗaya, a bar ta ta kwana. Daga nan shimfiɗa biyu a rana, ba fiye ba, har kaurin ya ninka na kayan da za ka fitar sau biyu zuwa uku. Dalilin jinkirin shi ne rezin yana fitar da zafi yayin da yake daskarewa, yana kuma tsukewa. Ka labta shimfiɗa takwas a zama ɗaya, zafin zai murɗe mazubin, kuma murɗaɗɗen mazubi ba ya gyaruwa. A ƙarshe ka yi masa ƙafafu da ƙashin katako ko bututun ƙarfe, ka bar shi a jikin uwa kamar mako guda kafin ka raba su.

Zubin kayan ya fi sauƙi, kuma lambobinsa ba su da yawa. Jelkot rabin milimita, wato kusan giram 600 a murabba'in mita. Tabarmar faiba ana sayar da ita da nauyi: giram 300, 450 ko 600 a murabba'in mita. Kowace shimfiɗar 450 tana ba da kaurin kusan milimita 1, kuma tana shan rezin ninki biyu zuwa biyu da rabi na nauyinta. Ka auna tabarmar a sikeli, ka san rezin ɗin da za ta sha tun kafin ka fara. Sabon shiga yana ɗauka yawan rezin shi ne ƙarfi. Ƙarfin yana cikin zaren gilashin. Rezin da ya yi yawa nauyi ne kawai da saurin tsagewa. Tabarmar kuma yaga ta ake yi da hannu a mahaɗa, ba a yanka da almakashi, don gefunan su narke cikin juna.

Hadina, ruwan da ke sa rezin daskarewa, wadda sunanta MEKP, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ne na nauyin rezin: mililita 10 zuwa 20 a kilo guda. Da sirinji ake aunawa, ba da murfin gora ba, ba kuma da ido ba. A nan ne yanayinmu yake yaudarar wanda ya koya daga bidiyo. Abin da aka rubuta a jikin galan, cewa kana da minti 15 zuwa 20 kafin rezin ya fara kamawa, an auna shi ne a zafin digiri 20 zuwa 25. A watan Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano, kofin zai yi zafi ya daskare a hannunka kana tsakiyar shafa, wani lokaci har da hayaƙi. Dabarar da mutane ke yi ta rage hadina ƙasa da kashi 1 ba mafita ba ce: kayan za su yi kamar sun bushe, amma ba za su taɓa nuna ba, za su yi ta warin rezin suna laushi a rana. Mafita ita ce ka fara aiki bayan sallar asuba, ka dama kaɗan-kaɗan, rabin kilo a lokaci guda, cikin faranti mai faɗi maimakon kofi mai zurfi, ka ajiye galan a wuri mafi sanyi a shagon. Hunturu kuma ƙura ce abokiyar gabarka, ga sanyin safiya da ke hana jelkot nuna. In ka ɗora tabarma a kan jelkot da bai nuna ba ko wanda ya yi siriri, zai yamutse kamar fatar kada. Da damina ka naɗe tabarma cikin leda, don wadda ta sha laima fari take yi kuma ba ta kama rezin. Shi ma rezin yana tsufa, wata shida ne ƙa'idarsa a wuri mai sanyi. Ka duba ranar da aka yi shi, wanda ya fara kauri kamar zuma ka bar wa mai shi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: akwai ɗan lokaci bayan rezin ya kama, yana kamar roba, da wuƙa mai kaifi za ta yanke rarar gefe sumul. Ka wuce wannan lokaci, sai garanda da ƙura. Amma fitar da kayan daga mazubi kada ka yi gaggawarsa, ka bar su su kwana. Wanda aka cire da wuri a waje zai ƙarasa tsukewa, ya ɗauki siffar duk abin da aka jingina shi a kai. Da katako ko roba ake ɓamɓarowa, sukurdireba tana kashe mazubi.

Abu biyu game da zafi bayan an gama. Baƙar mota a ranarmu, fatar bodinta tana haura digiri 70, ga zafin inji ta ƙasa. Rezin na gama-gari mai araha yana fara laushi a wajajen nan. Don bonet da duk abin da ke kusa da inji, nemi rezin da ake kira iso ko kuma binil-esta. Na biyu, kafin fenti ka shanya kayan a rana kwanaki, a kan tallafin da zai riƙe siffarsu. In ba haka ba, za ka yi feshi mai ƙyalli, bayan wata guda zanen zaren faiba ya fito ta cikin fentin. Ka kuma wanke kakin da ya biyo kayan kafin samfefa ta taɓa su, in ba haka ba cusa shi za ka yi cikin jelkot, fenti ya yi ta idon kifi.

Faffaɗan abu kamar bonet siffa ce ke ba shi ƙarfi, ba kauri ba. Ka tsaga bututun kwali gida biyu ka kifa a bayansa, ka rufe da shimfiɗa biyu, ka samu haƙarƙari. Farin soson da ke zuwa cikin kwalin talabijin kada ka sa, rezin narkar da shi yake yi. Inda hinji da makulli za su kama, ka binne farantin ƙarfe mai ramuka da aka yi wa waldar noti, wanda aka kare daga tsatsa, don in ya yi tsatsa a ciki kumbura zai yi ya fasa faibar. Sifirin ɗin bonet na asali an yi shi ne don nauyin ƙarfe, yana iya lanƙwasa na faiba. A sa mai laushi ko sanda. Kuma wutar lantarki ba ta bi ta jikin faiba, don haka duk fitilar da a da take samun as, wato hanyar komawar wuta, ta jikin bodi sai an ja mata waya daban. Wannan ƙaramin abu ya sa an zagi masu faiba da yawa a banza.

Lafiyarka. Warin nan mai daɗi-daɗi na rezin sinadarin sitirin ne, yana sa jiri da ciwon kai, kuma hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar. Takunkumin kyalle ko na asibiti ba ya tare shi, sai mai gwangwanin gawayi, shi ma tare da iska mai ratsa shago. Ɗigon hadina ɗaya a ido yana iya makantarwa, don haka tabarau dole ne, da bokitin ruwa mai tsabta a kusa. Idan rezin ɗinka irin wanda ake ƙara wa ruwan kobal ne, mai launin shunayya, ka dama shi cikin rezin tukuna. Haɗa shi kai tsaye da hadina wuta ce ko fashewa. Asiton da ake wanke buroshi da shi yana saurin kamawa da wuta kamar fetur, kuma kai shagonka akwai walda. Raba wuraren biyu da bango, ba da labule ba.

Sai maganar doka, wadda masu bidiyo ba sa so su taɓa. Kariyar da ake ba zanen siffa tana ƙarewa: shekara 15 a Najeriya, 15 a Amurka, 25 a Tarayyar Turai. Don haka fenda ko siket na motar 1975 ba abin tsoro ba ne. Tambari kuwa ba ya mutuwa muddin ana sabunta shi. Kada ka zuba zakin Peugeot ko tauraron Mercedes a jikin kayanka, kada ka ce na kamfani ne. Ka rubuta cewa ya dace da mota kaza ta shekara kaza. Inda abin yake zafi shi ne kwafar mota sukutum. Ferrari ta kai Carl Roberts kotu a Amurka saboda bodin faiba masu kama da Daytona Spyder da Testarossa, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta ba ta gaskiya a 1991. A 2012 Daimler, mai ƙera Marsandi, ta sa aka murƙushe wani bodin faiba na 300 SL da kwastan na Jamus suka kama, ta kuma yaɗa hotunan don kowa ya gani. Masu yin abin da tsari lasisi suke karɓa, kamar masana'antar Hi-Tech a garin Gqeberha na Afirka ta Kudu, wato Port Elizabeth ta da, da ke ƙera motar Cobra da izinin kamfanin Shelby.

Kai ma za a kwafe ka, ka sa wannan a lissafi. Bruce Meyers ya fitar da Meyers Manx a 1964, bodin faiba da daga baya aka riƙa ɗorawa a kan daɓen Beetle da aka gajarta. Duniya ta so ta, sai kowa ya sayi guda ya ɗauki mazubi a jikinta. Ya je kotu bai yi nasara ba, kamfaninsa ya rufe a 1971. Abin da zai ɗan kare ka shi ne kwafin kwafi kullum yana ƙara tsukewa da karkacewa, kuma uwa tana hannunka. Ka adana ta kamar takardar fili, don ranar da mazubi ya gaji daga jikinta za ka ɗauki sabo.

Wajen sa kuɗi, kayan da ke shiga cikin bonet ɗaya ba su ne matsala ba: murabba'in mita ɗaya da rabi zai ci wajen kilo 8, ka ƙara na haƙarƙari da na asara, da buroshi, asiton da samfefa. Abin da ke karya mutane shi ne mantawa da kuɗin uwa da makonnin da suka tafi a kan mazubi. Ka tara wannan duka ka raba shi da adadin da kake da yaƙinin sayarwa a shekarar farko, ba adadin da mazubin zai iya fitarwa ba. Mazubi mai kyau zai ba ka ɗaruruwa, amma idan masu neman abin goma sha biyu ne, a kan goma sha biyu za ka raba. Hanya mafi aminci ita ce ta ƙungiyoyin masu irin motar a Facebook da WhatsApp: ka nuna uwa a jikin mota, ka ce in mutum goma sun ba da kafin alƙalami za ka yi mazubi. In ba su kai ba, ka tsira da kuɗinka.

Kasuwar waje tana da kyau a ido, don can ne masu kuɗin suke, a eBay da manyan taruka irin na Hershey a Amurka, Beaulieu a Ingila da Rétromobile a Faris. Amma kamfanonin aika kaya ta jirgi girman akwati suke caja idan ya fi nauyi: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5000. Akwatin bonet mai 150 da 140 da 25 zai fito kilo 105, alhali abin da ke ciki bai wuce kilo 10 ba. Kuɗin jirgi zai ninka kuɗin kayan. Don haka manyan kaya na kasuwar gida ne da maƙwabta inda 504 take aiki har yanzu, a ɗora a mota zuwa Kano ko Maraɗi. Na waje su zama ƙanana, masu shiga cikin juna kamar kwanuka, waɗanda biyar za su zauna a akwati ɗaya.

Da ni ne kai, da murfin dashbod na 504 ko siket ɗin gaba zan fara: mazubi gida ɗaya, kayan da ba su wuce kilo biyu zuwa uku ba, kuma kusan kowace 504 da ke kan titi rana ta ci dashbod ɗinta. Na farko da ya fito kada ka sayar, mazubi ne yake wanke kansa. Na biyu ka ɗaura a motoci uku daban-daban, ka ɗauki hoton tazarar da ruler a kai, domin motocin da suka shekara arba'in ba su zama ɗaya ba. Inda ka ga suna saɓawa, ka bar rarar milimita 3 zuwa 5 a gefe don mai ɗaurawa ya rage da kansa, ka kuma rubuta masa a takardar da za ta bi kayan cewa ya gwada, ya huda, ya ɗaura, kafin fenti ya taɓa su, don wanda aka fesa ba ya dawowa.